Yadda na haɗa wa ɗana kwamfutar gem da ƙaramin ƙarfi

Shekarar ɗana bakwai lokacin da ya kafa min ƙahon zuƙa a kan kwamfutar gem. Wata ya gani a bidiyo, mai gilashi a gefe da fitilu kala-kala suna ta walƙiya, shi ke nan na shiga uku. Safe da yamma maganar ɗaya ce: "Abba, yaushe za ka sayo min?" Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Sai na riƙa zama kusa da shi ina kallon abin da yake bugawa a tsohuwar laftof ɗin mamansa. Kwana uku ina wannan gadin, abin da na gani bai wuce Minecraft da Roblox ba, sai wani ɗan wasan tseren mota da yake buɗewa idan ya gaji da gine-gine. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke buƙatar dodon kwamfutar da ya gani.

To kai ma daga nan za ka fara, tun kafin ka nemi ko sukuru ɗaya. Rubuta sunayen wasannin da yaron yake bugawa da gaske, ba waɗanda kai kake sha'awa ba. Na faɗi haka ne don na san halinmu iyaye maza: sai mutum ya fake da yaro ya haɗa wa kansa kwamfutar da ya daɗe yana mafarki. Daidai ruwa daidai tsaki.

Abin da ya fi lashe kuɗi a kwamfutar gem shi ne katin hoto, wanda masu harkar ke kira girafik kad. Ni tsallake shi na yi gaba ɗaya. Akwai firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da ke zuwa da sashen sarrafa hoto a cikinta, kuma irinta na nema: AMD Ryzen 5 5600G, wadda ta fito a 2021. Ƙwayoyin aiki shida ne a cikinta, wutar da take ci wajen wat 65 ce, kuma a kwalinta akwai fankar sanyaya ta, ba sai ka sayi wata daban ba. Wani zai ce ai ta tsufa. Ta tsufa kam, amma da tsohuwar zuma ake magani. Minecraft da Roblox suna tafiya sumul a kanta a girman hoto 1920 da 1080, matuƙar ba ka ɗora wa Minecraft irin ƙarin nan masu ƙawata haske da inuwa ba, don su kam sai da katin hoto na gaske.

Ka buɗe ido sosai a kan harafin ƙarshe na sunan. Akwai Ryzen 5 5600 da babu G a ƙarshenta, ita ba ta da sashen hoto ko kaɗan. Ka haɗa komai, ka kunna, fankoki su yi ta juyawa, monita ta tsaya baƙi ƙirin. A ɓangaren Intel kuma akasin haka ne: wadda ta ƙare da F, kamar Core i3-12100F, ita ce marar hoto. Harafi ɗaya tak, amma ya isa ya ɓata maka mako guda.

Wannan firosesar a mazaunin da ake kira AM4 take zama, don haka madabod ɗin, wato babban allon da ake jona sauran kayan a kansa, dole ya zama na AM4. Za ka ci karo da nau'o'insa irin A520 da B450 da B550. Kowanne zai yi, sai dai akwai tarko: wasu an ƙera su tun kafin 5600G ta fito, ba za su gane ta ba sai an sabunta musu BIOS, wato 'yar manhajar da ke tashin madabod kafin Windows. Shiga shafin kamfanin da ya yi madabod ɗin ka duba jerin firosesar da yake karɓa da lambar BIOS ɗin da ake buƙata. Wasu suna da maɓalli a baya da ke ba ka damar sabuntawa da filash ko babu firosesa a kai. Idan ka samu mai shi, hankalinka ya kwanta. Ni B550 na ɗauka, girman microATX, mai ramin RAM huɗu (RAM shi ne ma'ajin wucin gadi da kwamfuta ke aiki da shi) da mashigar HDMI ta jona monita a baya. Ka kuma duba ko yana da Wi-Fi, don da yawa daga cikin masu arha ba su da shi. Nawa babu, waya na ja masa daga rauta, kuma ban yi nadama ba.

A kan RAM ne na tafka kuskuren da har yanzu nake jin haushin kaina. Na ce gigabait 16 nake so, sai na sayi sanda ɗaya mai 16, ina ganin na yi dabara, na bar sauran ramuka don gaba. Da muka kunna Roblox, duk lokacin da yaron ya shiga wuri mai cunkoson 'yan wasa sai hoton ya riƙa tsinkewa yana cijewa. Ya juyo ya kalle ni: "Abba, ai ta Mama ma haka take yi." Maganar nan ta soke ni.

Ga abin da ban yi la'akari da shi ba. Katin hoto yana da nasa ma'ajin na kansa, amma sashen hoton da ke cikin firosesa ba shi da shi, daga RAM yake ara. Idan sanda ɗaya ce, hanya ɗaya ke nan bayanai ke bi. Idan biyu ce, hanya ta zama biyu, faɗinta ya ninka. Ga kwamfuta mai katin hoto bambancin ba ya da yawa, amma ga irin tamu shi ne komai. Saboda haka sanda biyu masu gigabait 8 kowacce, DDR4 mai gudun 3200, waɗanda aka sayar tare a kwali ɗaya. Na canza, tsinkewar ta ɓace kamar an yi ruwa an ɗauke. Kuma ba a kowane rami ake saka su ba: a yawancin madabod masu rami huɗu, na biyu da na huɗu ne idan ka ƙirga daga wajen firosesa, an rubuta musu A2 da B2. Littafin madabod ɗinka zai tabbatar maka.

Ma'ajiya ba ta da dogon zance. SSD irin NVMe, 'yar siririya da ake kwantarwa a jikin madabod, girman 2280, wato faɗin milimita 22 da tsawon 80. Gigabait 500 ta ishi ƙaramin yaro. Kada ka sa Windows a tsohon faifai mai juyawa, yaro ba shi da haƙurin jiran kwamfuta ta tashi.

Inda ban yarda a yi tsumulmular kuɗi ba shi ne fawa saflai, akwatin da ke karɓar wutar bango ya rarraba wa sauran kaya. Shi ba ya ƙara wa gem gudu, ba ya ƙara wa hoto kyau, shi ya sa mutane ke rainawa su ɗauki mafi arha. Amma idan marar kyau ya ƙone, ba kasafai yake tafiya shi kaɗai ba, yakan ja madabod ko SSD su tafi tare. Kuma ka tuna a kusa da ƙafar yaro zai zauna. Araha ba ta ado. Nemi na kamfanin da aka sani, mai garanti, mai tambarin 80 Plus Bronze. Tambarin yana nufin aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ya ja yana isa ga kaya, ba ya salwanta a zafi. Ba shaidar inganci ba ce ɗari bisa ɗari, amma rashinsa alama ce ta gudu. Wat 550 na saya, duk da kwamfutar ba ta cin ko rabin haka, saboda ranar da za a ƙara katin hoto. Wannan kam sabo za ka saya, kada ka ɗauki na hannu. Kuma kada ka taɓa kwance murfinsa, yana riƙe wuta a ciki ko bayan an zare shi daga bango.

Akwatin kwamfutar kuwa mun sha rigima a kansa. Shi mai gilashi yake so. Ni kuma ina kallon yadda yake wurgi da motar wasansa, ina kallon ƙanwarsa da ke rarrafe tana dafa duk abin da ta samu. Gilashin nan kyan ɗan maciji ne: idan ya fashe, warwatsewa yake yi ƙanana-ƙanana a ko'ina. Na ɗauki na ƙarfe, mai raga a gaba don iska ta shiga, da matatar ƙura da ake zarewa a wanke. Sulhun da muka yi shi ne fanka ɗaya mai fitila shuɗiya da ake hangowa ta cikin ragar. Ya yi ta ƙunƙuni kwana biyu, ya manta.

Monita inci 24 mai 1080 ta wadatar. Abin da aka fi mantawa shi ne hannun yaro ƙarami ne. Linzamin manya, wato maus, ya yi masa girma, sai ka ga yana tura shi da tafin hannu gaba ɗaya. Ƙaramin maus na laftof mai waya ya fi masa daɗi, ba batir da zai ƙare, ba ya kuma ɓacewa a ƙarƙashin kujera. Kibod na yau da kullum mai arha, don ko ba daɗe ko ba jima sai an zubar masa da ruwa. Idan za ka saya masa abin saƙalawa a kunne, akwai na yara da aka ƙayyade wa ƙara a desibel 85. Sannan ka dubi zamansa: saman monita ya yi daidai da idonsa, ƙafarsa kuma ta taka wani abu, kada ta yi ta lilo. Mu kwalin fawa saflai ɗin muka cika da tsofaffin littattafai ya zama matakinsa.

Wani zai tambaya, me zai hana a sayi tsohuwar kwamfutar ofis irin Dell OptiPlex a gyara? Hanya ce mai kyau idan aljihu ya yi ƙasa sosai. Amma ka lura da abu biyu. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 ba ta karɓar yawancin firosesar Intel da ke ƙasa da zubi na takwas. Na biyu, irin waɗannan kwamfutoci sau da yawa fawa saflai ɗinsu da wayoyinsu na musamman ne, ga akwatin matsattse, ƙarin kaya sai ya zama aiki. Ni dai na fi son abin da zan iya kwancewa in ƙara masa gaba.

Ranar haɗawa na jira sai da ƙanwarsa ta yi barci, saboda sukurorin nan ƙanana ne, kuma ita duk abin da ta tsinta baki yake nufa. Muka share tebur. Kayan aiki sukundireba ɗaya ce mai bakin sta, wadda bakinta ke da maganaɗisu, da ƙaramin kofi na zuba sukuru. Shi na naɗa sarkin kofi: ba sukurun da zai fita sai ta hannunsa. Na ce masa kafin ya taɓa komai ya fara dafa ƙarfen akwatin, saboda wutar da jiki ke tarawa tana iya lalata kaya. Wannan dokar ta burge shi ƙwarai, har ni yake tunatarwa: "Abba, ba ka dafa ba!"

Kada ka fara saka madabod a akwati. Ɗora shi a kan kwalinsa ka gama ƙananan ayyuka a fili. Firosesa ce farko, kuma ita ni na saka da hannuna, don a AM4 allurorin a jikinta suke, sun haura dubu, siraran gaske, ɗaya ta lanƙwashe an shiga matsala. Ɗaga ɗan ƙarfen da ke gefen mazaunin, ka nemi alamar kusurwa uku mai ruwan zinare a gefe ɗaya na firosesar, ka daidaita ta da irinta a mazaunin, ka sake ta. Da kanta za ta faɗa. Idan ba ta faɗa ba, ba daidai take ba. Ɗaga ka sake dubawa, kada ka danna. Sai ka mayar da ƙarfen.

Fankar da ta zo da ita tana da man sanyaya a shafe a ƙasanta, wani toka-toka mai danƙo. Kada ka taɓa, kada ka bar yaro ya taɓa, ga shi kuwa yatsa yana ƙaiƙayi. Kwance robobi biyu da ke gefen mazaunin, ka bar farantin da ke bayan madabod, a cikinsa sukurori huɗun fankar za su shiga. Ɗaure su a gicciye, wannan kusurwa sannan ta can, kaɗan-kaɗan har su kama. Wayarta ta tafi inda aka rubuta CPU_FAN.

RAM ɗin kuwa na bar masa. Na buɗe maƙallan, na nuna masa yankan da ke ƙasan sandar da yadda zai dace da ɗan tudun da ke cikin ramin. Ya ɗora manyan yatsunsa biyu ya danna a hankali, shiru. Ya ɗago ido yana tsoron kada ya karya. Na ce ƙara ƙarfi. Ya cije leɓe ya danna, sai ji muka yi ƙas, maƙallin ya rufe da kansa. Ihun da ya yi sai da na toshe masa baki kada ya tashi ƙanwarsa. Har yau idan abokansa suka zo, abin da yake fara gaya musu ke nan, shi ya saka RAM.

SSD a karkace ake tura ta, sannan a kwantar a ɗaure da wani mitsitsin sukuru da yawanci yake cikin ledar madabod. Daga nan sai akwati. Fara manna farantin baya mai ramukan USB da HDMI, don idan ka manta da shi sai ka sake kwance komai. Duba 'yan ginshiƙan da madabod ke zama a kai: kowane rami ya samu nasa, kuma kada a bar wani a inda babu rami, zai iya taɓa bayan madabod ya haɗa wuta. Wayoyin wuta biyu ne: babbar mai baki 24, da mai baki 8 da ke zuwa can sama kusa da firosesa. Akwai wata mai kama da ita da aka rubuta wa PCIe, ta katin hoto ce, ajiye ta gefe. Mafi ban haushi su ne 'yan siraran wayoyin gaban akwati. Buɗe littafin, haska tocilar waya, nemi inda POWER SW, wato wayar maɓallin kunnawa, zai shiga. Sannu ba ta hana zuwa.

Muka jona HDMI a bayan madabod, na ce bismillah, danna. Ya danna. Ko motsi. Ya sake dannawa, idonsa ya fara kawo ruwa. Ni kaina gabana ya faɗi, na fara lissafin abin da na ƙona. Ashe ɗan makunnin da ke bayan fawa saflai ne ban kunna ba. Idan taka ta ƙi tashi, daga nan za ka fara dubawa, sannan wayar POWER SW, sannan ka sake danna RAM. Tashin farko kuma yakan ɗan ɗauki lokaci kafin hoto ya fito, kada ka yi saurin kashewa.

Da ta tashi, yi ta danna Delete ko F2 ka shiga BIOS. Abu biyu za ka yi. Kunna XMP, saitin da ke sa RAM ya yi cikakken gudunsa, wanda a madabod ɗin ASUS ake kira DOCP, in ba haka ba RAM ɗin da ka saya mai 3200 zai iya tsayawa a 2133 ko kusa da haka, ka yi asarar gudun da ka biya. Sannan ka tabbata fTPM, wani saitin tsaro, a kunne yake, Windows 11 na buƙatarsa. Ita Windows ɗin a shafin Microsoft za ka sauke manhajar da ke zuba ta a filash mai aƙalla gigabait 8. Bayan ta hau, sauke direbobin hoto, wato manhajar da ke tafiyar da sashen hoto, daga shafin AMD.

Saura aikin da ya fi haɗa ƙarfen muhimmanci a wurina. Asusu biyu na buɗe: nawa mai cikakken iko da kalmar sirri, nasa kuma na yaro wanda ba ya iya saka wata manhaja sai da izinina. Na haɗa nasa da Microsoft Family Safety, inda nake ƙayyade awannin da zai yi a rana da lokacin da kwamfutar za ta rufe kanta. Amfanin wannan shi ne rigimar ta tashi daga kaina. Ba Abba ne ya kashe ba, lokaci ne ya cika. A Roblox na shiga saitin iyaye na taƙaita hira da irin wasannin da zai iya shiga, domin Roblox ba wasa ɗaya ba ne, dandali ne da kowa ke ƙirƙirar nasa, kuma ba duka ne suka dace da ɗan shekara bakwai ba. Kada ka bar katin bankinka a ajiye a ciki. Kuɗin wasan da ake kira Robux da kuɗin gaske ake sayensa, yaro kuwa bai san bambanci ba. Kafin ka yarda da sabon wasa, duba lambar PEGI da ke jikinsa, mai nuna mafi ƙarancin shekarun da wasan ya dace da su: 3, 7, 12, 16 ko 18. Minecraft 7 ne. Fortnite da ya fara roƙo 12 ne, na ce ya jira.

Kwamfutar a falo take, fuskar monita tana kallon inda muke zama. Ban ɗora akwatin a kan kafet ba, ƙura yake sha, kuma fankar fawa saflai a ƙasa take shaƙar iska. Kan ɗan benci yake, wayoyin a ɗaure a baya inda ƙanwarsa ba za ta kai ba. Duk bayan minti 20 nakan ce ya ɗaga kai ya kalli nesa na ɗan lokaci don idonsa ya huta, wani lokaci ya ji, wani lokaci ya yi kamar da bango nake.

Dogon ramin katin hoto yana nan fayau babu komai. Ranar da wasanninsa suka fi ƙarfin 5600G, kati irin Radeon RX 6600 zai shiga, waya ɗaya mai baki 8 yake buƙata, kuma tana nan a naɗe a bayan akwatin, sai a mayar da HDMI daga madabod zuwa jikin katin. Kafin nan, duk wata uku muna kashe ta, mu zare daga bango, ya ciro matatar ƙura ya wanke ya shanya. Wancan karon da muka buɗe gefen, ya daɗe yana leƙen ramin, sannan ya auna shi da yatsunsa ya ce, "Abba, shi ma ni zan danna ko?"